Karkason: Ganuwar da Aka Kusa Rushewa a Faransa

A kudancin Faransa, tafiyar kimanin awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Tulus inda nake karatun digiri na biyu, akwai wani tsohon birni a kan tudu mai suna Carcassonne, ana furta shi Karkason. Ganuwa biyu ce ta kewaye shi, tsawonta kusan kilomita 3, da hasumiyoyi 52, ga kuma fadar da zuri'ar Trencavel suka gina a ƙarni na 12. Baƙo kan ɗauka haka wurin yake tun fil'azal, alhali da kyar ya tsira.

Hannaye da yawa sun riƙe garin. Tun zamanin Rumawa aka fara ganuwar ciki. A shekarar 725 rundunar Musulmin Andalus ta ci garin, ya zauna a hannunsu har wajen 759. A 1209 mayaƙan da Paparoma ya tura kan wata ɗarikar Kirista mai suna Cathares suka yi masa ƙawanya. Ruwan sha ya yanke, aka kama mai garin, Raymond-Roger Trencavel, ya mutu a tsare cikin fadarsa. Daga baya sarakunan Faransa suka ƙara ganuwar waje, domin garin yana bakin iyaka.

Yarjejeniyar 1659 tsakanin Faransa da Sifaniya ta matsar da iyakar zuwa kudu, sai darajar ganuwar ta faɗi. Jama'a suka riƙa kwasar duwatsunta, talakawa suka gina gidaje a tsakanin katangun biyu. A 1849 gwamnati ta yanke shawarar rushe ta. Wani masanin tarihi ɗan garin, Jean-Pierre Cros-Mayrevieille, da marubuci Prosper Mérimée suka yi tsayin daka har aka fasa. A 1853 masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya fara gyara, aikin da bai ƙare ba sai bayan mutuwarsa. A 1997 UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farashin wannan ceto. An tashi mazauna tsakanin katangun, aka rushe gidajensu. An kuma rufa hasumiyoyin da baƙin dutse irin na arewacin Faransa, a yankin da aka saba rufi da jar ƙasa gasasshiya, masana suka yi ta suka. Ke nan wani ne ya zaɓi abin da za a adana da abin da za a share.

Shiga cikin birnin kyauta ne, fadar ce ake biya, amma ban da ɗan ƙasa da shekara 26 mai takardar zama a Faransa. In kun je, ku bi ta filin da ke tsakanin ganuwoyin biyu. Fayau yake yanzu, amma a da unguwa ce.