Zaɓen Jitar Lantarki da Kula da Ita a Ƙasar Gwandu

1.0 Gabatarwa

Jita baƙuwa ce a ƙasar Gwandu, inda kunne ya saba da garaya da molo da goge. Amma tun da aka kirkiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta yake kan hanyar Kalgo, samari sun ƙara cuɗanya da kiɗe-kiɗen waje, har wasu suna tara kuɗi domin mallakar jitar lantarki. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa a garuruwa irin Gwandu da Kalgo, ba sunan kamfani ya kamata mai saye ya fara dubawa ba, sai dai yanayin ƙasa da halin wutar lantarki.

2.0 Manyan Ire-iren Jita

Kamfanoni biyu na Amurka ne suka shata tsarin da sauran maƙera suke bi. Fender ya fito da Stratocaster a 1954, shi kuwa Gibson ya fito da Les Paul a 1952. Bambancinsu na farko yana wuya. Wuyan Fender da noti huɗu ake ɗaure shi, saboda haka in ya lalace sai a kwance a sa wani. Wuyan Les Paul kuwa da gam ake haɗa shi da gangar jiki, an kuma yi shi da itace dangin maɗaci, kansa a karkace baya, abin da ya sa yakan karye in jitar ta faɗi. Gyaran irin wannan karaya sai gwani, gwanayen kuwa suna can manyan birane.

Bambanci na biyu yana ga abin da ke ɗaukar sauti, watau maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Na Stratocaster naɗi guda ne, muryarsa tas take, amma yana kwaso gurnanin wutar lantarki. Tun 1957 ake sa wa Les Paul naɗi tagwaye masu kashe wannan gurnani, sai dai muryar ta fi kauri. Ga mai kiɗa a wurin biki kusa da janareta, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman Squier, ƙanen Fender, ko Epiphone, ƙanen Gibson, ko Yamaha Pacifica ta Japan. Kada a raina su. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda ya zaga duniya da kiɗansa, da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko.

3.0 Yanayi da Itace

Mai garaya ya san fata takan saki da damina, har sai ya shanya ta a rana ko ya kanga ta a wuta kafin ta yi amo. Jita ba ta da fata, amma itacenta yana shan laima yana kuma fitar da ita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan busar da itacen wuya ya tsuke, har bakin ƙarafan da aka gitta a kansa su fito suna yankar yatsa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, musamman a wuraren fadama irin na Kalgo, itacen yakan kumbura, tsirkiyoyi su yi tsatsa. Wannan tsukewa da kumburi su ne suke kantarar da wuya, tsirkiya ta yi nisa da yatsa, ko ta riƙa goga ƙarfe tana ƙara.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa domin miƙar da shi. Ƙa'ida ita ce kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, sannan a dakata itace ya zauna. In ta cije, kada a tilasta mata.

4.0 Kulawar Yau da Kullum

A goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, domin gumi ne yake fara cin su. In za a sauya su, a cire ɗaya a ɗaura ɗaya. A ajiye jita cikin akwatinta saboda ƙura, kada kuma a bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota, domin zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, ya sassauta gam. Har wa yau, wutar Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka amfilifayar da aka yi wa Amurka za ta ƙone in aka jona ta kai tsaye. Wadda kuma ba a haɗa mata wayar ƙasa ba tana iya jan mai kiɗa ta tsirkiya, har ta kai ga rasa rai.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, jitar da ta dace da ƙasar Gwandu ita ce mai miƙaƙƙen wuya, mai sauƙin kwancewa, wadda ake samun tsirkiyarta a kusa. Jita mai araha da ta sami kulawa takan daɗe tana amo, mai tsadar da aka jingine a bango kuwa hunturu ɗaya ya ishe ta.