Wa Ke Kai Saƙon Sarki Cikin Gida?

Daga ranar 1 ga Oktoba 1960 zuwa 1 ga Oktoba 1963, a dokance mace ce shugabar ƙasar Najeriya. Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana zaune a Landan, wakilanta suna riƙe mata kujera a nan: Sir James Robertson na 'yan makonni, sannan Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar, a Kaduna kuma Sir Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. A daidai wannan lokaci matan Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba su da ko ƙuri'a, sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Ba a ji gari ya tashi don ana sa hannu a kan doka da sunan mace ba, saboda kowa ya gane kan gadon sarauta daban, riƙe gwamnati daban, wakiltar mai gadon kuma aiki ne na uku. A kan wannan aiki na uku nake ganin masarautun Zamfara sun yi sakaci, domin sun bar wakilcin sarki a hannun maza kaɗai, alhali rabin talakawansa suna inda namiji baƙo ba ya taka ƙafa.

A ƙasashen da ke da sarki amma tsarin mulki ya iyakance ikonsa, irin su Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, Gwamna Janar ne ke tsayawa a madadin sarkin Ingila. Shi ke buɗe majalisa, ya sa hannu a kan dokoki, ya rantsar da firaminista, kuma kusan kullum yana aiki ne da shawarar zaɓaɓɓiyar gwamnati. Mata sun daɗe a wannan kujera. Hilda Bynoe ta zama gwamnan Girenada a 1968, Minita Gordon ta zama Gwamna Janar ta Beliz a 1981, Jeanne Sauvé ta Kanada a 1984, Catherine Tizard ta Niyu Zilan a 1990, Quentin Bryce ta Ostireliya a 2008. Masu cewa aikin yanka ƙyalle ne kawai sai su dubi abin da ya faru a lardin Birtish Kolombiya na Kanada a 2017. Zaɓe ya fito kunnen doki: jam'iyya mai mulki ta samu kujeru 43, babbar abokiyar hamayya 41, wata ƙarama 3. Da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, shugabar gwamnati Christy Clark ta nemi wakiliyar Sarauniya, Judith Guichon, ta rushe majalisa a sake zaɓe. Guichon ta ƙi, ta kira jagoran hamayya John Horgan ya kafa gwamnati. Kujerar takan yi shekaru shiru, amma ranar da aka zo gare ta sai mai natsuwa da sanin ƙa'ida.

Sarakunanmu ba irin waɗancan ba ne a takarda. Tsarin mulkin 1999 bai ba su wani aiki ba, gwamna ne ke naɗa su, kuma shi ke tuɓe su, kamar yadda aka gani a Maru a 2019, da Zurmi da Ɗansadau a 2022. Amma a aikace yanayin ya yi kusa. Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe saura, abin da ya rage wa Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu shi ne kwarjini, da sulhu, da jin kukan talaka, da isar da saƙo ta bakin hakimi da dagaci da mai unguwa. Sarauta ta koma wakilci tsantsa. To idan haka ne, ƙarfin sarki a yau ya dogara ga inda muryarsa ke kaiwa da kuma inda labari ke zo masa, kuma a nan ne rashin mata ya zama rauni.

Sarautar mata ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin baka na Zamfara yana tunawa da Sarauniya 'Yargoje, wadda aka ce ta yi mulki daga Kuyambana a ƙarni na 14. Amma wadda ta fi dacewa da maganarmu ita ce macen da ba ta hau gado ba, tana dai aiki da sunan mai gadon. A Gobir akwai Inna, galibi 'yar gidan sarauta, wadda sarki ke naɗawa. Ita ke shugabantar mata, tana raba musu gardama, tana da hannu a harajin sana'o'insu, kuma ana ba da labarin takan riƙe gari idan sarki ya fita yaƙi. Sarautar tana nan a Tsibiri. A Maraɗi akwai Iya mai irin wannan matsayi. A Daura, binciken M. G. Smith ya nuna Magajiya na da girman da za ta iya tsayar da umarnin sarki. A fadar Kano kuwa jakadiya ce ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje. Waɗannan muƙamai ne masu aiki da iyaka da kuɗin shiga, ba lambar yabo ba.

Za a ce, ai Inna shugabar bori ce, kuma jihadi ya zo ne don ya kawar da irin wannan. Gaskiya ne. Sai dai abin lura shi ne yadda gidan Shehu Usmanu da kansa ya yi da gibin da aka bari. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara, da yawansu Gobirawa da yaƙi ya ɗaiɗaita, ba su da mai kai musu karatu. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa da jan rawani. Malfar nan alamar Inna ce tun da can. Nana Asma'u ta zubar da bori, ta riƙe muƙamin, ta cika shi da tauhidi da fiƙihu. Jajin takan jagoranci mata daga ƙauyensu zuwa wurinta, su koma da karatu da izini. Wanda duk ya ce wakilcin mata bidi'ar Turawa ce, da 'yar Shehu yake jayayya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce hadisin Abu Bakra da ke cikin Buhari, wanda ke gargaɗi a kan mutanen da suka damƙa al'amarinsu ga mace. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 ba za a tsallake shi ba, kuma bai kamata ba. Malamai sun haɗu a kan cewa ya shafi shugabanci babba. A kan abin da ke ƙasa da shi ne suka saɓa, har Hanafawa suka yarda mace ta yi alƙalanci a wasu shari'o'i, Ɗabari kuma ya faɗaɗa. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsananta a kan alƙalanci, amma ba ta hana wakala ba: mace na iya zama wakiliya a ciniki da saƙo da riƙon amana. Ba wanda ke neman a ɗora mace a gadon Sambo Ɗan Ashafa na Gusau. Abin da ake nema shi ne sarki ya wakilta ta zuwa ga mata, kuma wannan ya fi kusa da tsare kunya da kulle fiye da tura dogari ƙofar da aka rubuta "ba shiga".

Zamfara ta riga ta biya kuɗin rashin wakilcin mata. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya, a gaban mata da jarirai. Iyaye mata ne suka fara ganin yara na farfaɗiya, amma babu tsani daga tsakar gida zuwa fada. Yaƙi da cutar shan inna ma, wanda ya kai ga wanke Afirka daga nau'inta na asali a Agusta 2020, ya yi nasara ne da abu biyu: sarakuna sun sa baki, mata ma'aikata kuma sun shiga ɗaki-ɗaki da ɗigon rigakafi. Yau Gusau cike take da matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza, suka baro ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da marayu a baya. Rigimar gadonsu, da gonakin da aka cinye, da abin da aka yi wa wasunsu a daji wanda ba za su iya faɗa a gaban majalisar maza ba, wa ke kai wa sarki? A Yulin 2022 an dakatar da Sarkin Birnin 'Yandoto saboda ya naɗa wani jagoran 'yan bindiga Sarkin Fulani, da hujjar neman sulhu. Ko me mutum zai ce game da wannan naɗi, ya nuna fada ta san rawani kayan aiki ne, ana ɗaura shi don a kai ga wasu mutane. Matan da aka zalunta ba a taɓa yi musu wannan lissafi ba.

Akwai tsoro na gaske cewa abin zai koma kasuwa, a riƙa rabawa matan gwamnoni da attajirai sarautu ranar biki, gobe kowa ya koma Abuja. An riga an saba ganin haka. Kuma zama mace ba ya wanke kowa: Julie Payette ta ajiye kujerar Gwamna Janar ta Kanada a 2021 bayan bincike ya same ta da muzguna wa ma'aikata. Maganinsa shi ne a rubuta aikin kafin a zaɓi mai shi. A kowace gunduma a samu dattijuwa mazauniyar garin, mai karatu, wadda mata suka yarda da ita, ko daga cikin malaman Islamiyya ko ungozomomi ko tsofaffin ma'aikatan lafiya. A ba ta ranar da take sauraron ƙara, da magatakarda, da alawus kamar na dagaci. Babbarsu kuma ta samu damar gabatar da rahoto kai tsaye ga majalisar sarki, ko ta bayan labule ne idan haka fadar ta fi so. Naɗa masu sarauta na cikin ɗan ikon da ya rage a hannun sarakuna, don haka Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu na iya farawa ba tare da jiran Majalisar Tarayya ta gyara tsarin mulki ba. Alawus ɗin ne kawai zai buƙaci sa hannun ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu.