Damin da Aka Manta a Gona

Karatunmu na yau yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, aya 19 zuwa 22.

A wurin nan Ubangiji ya ba Isra'ilawa dokar girbi. In manomi ya manta da dami ɗaya a gona, kada ya koma ya ɗauka. In ya kaɗe zaitun ko ya tsinke inabi, kada ya bi ya kalace abin da ya saura. Wannan rabon baƙo ne, da maraya, da gwauruwa. Mu manoma ne, mun san nauyin damin dawa, mun san kuma ba a manta da shi da sauƙi. Amma mu lura, Allah bai bar abincin maraya ga jinƙan mai gona ba. Doka ya yi. Damin nan ya riga ya fita daga hannun mai gona, in ya koma ya ɗauka, kayan wani ya ɗauka. A sura 14 ma an umarta a tara zakkar shekara ta 3 a cikin gari, marayu su ci su ƙoshi.

Ikkilisiya a ƙasarmu ta san wannan aiki tun farkonta. A 1909 mishan na SUM ya buɗe gida a Rumasha, bakin kogin Binuwai, domin yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi. An sa wa gidan sunan Lucy, matar Karl Kumm, wadda ta rasu a 1906. Da yawa cikin yaran ba su san hanyar garinsu ba, balle a mai da su. Aka ciyar da su, aka koya musu karatu da aikin hannu. Daga baya gidan ya ƙaura zuwa Wukari.

Waɗannan yara ba su da dangin da za a nema, shi ya sa suka bukaci gidan marayu. Yawancin marayun da ke cikinmu yau suna da baffa, da kawu, da goggo. Hadassa, wadda muka sani da suna Esta, ba ta da uwa ba ta da uba, Mordekai ɗan'uwanta ne ya riƙe ta kamar 'yarsa (Esta 2:7). A ganinmu wannan ita ce hanya ta fari. Yaron da aka kai birni yana ƙarami yakan dawo ba ya jin yaren iyayensa, bai san iyakar gonar ubansa ba, ya zama baƙo a gidansu.

Sai dai riƙon dangi ma yana da nasa ciwo, ba za mu ɓoye ba. Akan raba marayu bayan jana'iza, a raba gona da awaki a rana ɗaya, wani lokaci wanda ya karɓi gonar ba shi ne ya karɓi yaron ba. 'Ya'yan gida su tafi makaranta, marainiya ta tafi rafi da talla. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen cin tuwo. Ran Lahadi kuwa a sa mata riga mai kyau a zo majami'a da ita. Fitowa 22:22-24 ya gargaɗe mu cewa Ubangiji da kansa yana jin kukan maraya in an cuce shi. Yakubu 1:27 kuma ya sa ziyarar marayu cikin ibada ta gaskiya. Ziyara ita ce a je a gani da ido. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata su shiga gidan, su tambayi ajin da yaron yake, su sa a rubuta gonar ubansa a gaban mai unguwa da shaidu, har ya girma.

Akwai kuma jaririn da aka yar a bakin hanya ko a ƙofar majami'a. Wanda ya tsince shi ya lulluɓe shi da zane don sanyi, ya kai shi asibiti, sa'an nan ya sanar da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a. Kada a ɓoye shi a gida ko da niyya mai kyau ce. Iyalin da ke so su ɗauke shi ya zama nasu, sai su bi ta ofishin nan da kotu, su sami takarda a hannu.