Ratsa duwatsun Azbin da ƙafa: abubuwan da ya kamata ka sani

Mutumin Mayahi ya san Azbin ko bai taɓa ganinta ba. Ayarin Buzayenta ne ke kawo gishirin Bilma da dabino Damargu da ƙasar Tasawa, su koma da gero, kuma Gobirawa na cewa a can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Abin da ke damuna shi ne mun bar wa Turawa yawon waɗannan duwatsu, alhali a ƙasarmu suke.

Ina za ka nufa?

Daga Tasawa sai Damagaram, Tanut, Adarbisinat, har Agadas. Arewa maso gabas da Agadas ne tsaunin Bagzan yake, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, wuri mafi bisa a Nijar. Mayahi ba ta kai mita 500 ba, don haka ranar farko numfashinka da gwiwoyinka za su gaya maka. Daga wajen Tabelot ake hawa, kaya a bisa jaki, ana kwana a fili ko a ƙauyukan da ke saman dutsen.

Ruwa ne ke yanka zango

Kada ka sa ran ganin manyan tafkuna. Abin da Azbin ke da shi kududdufai ne a kwarmin dutse, inda inuwa ke hana rana shanye ruwan damina. Wasu na kaiwa shekara, wasu na ƙafewa tun kafin bazara, kuma wanda ya cika bara yana iya zama busasshe bana. Shi ya sa ɗan jagora, ɗan ƙasar, ya fi taswira da waya amfani: shi ke tambayar makiyaya inda ruwa ya rage.

Mafi shahara shi ne na Timiya, inda ruwa ke zubowa daga bisa dutse, kusa da garakan lemu da rumman da dabino. Idonka zai so wanka. Amma a wurare da dama wannan ruwan ne mata ke ɗiba, shi awaki da raƙuma ke sha. Ɗebi a bokiti ka matsa nesa kafin ka taɓa sabulu, kada ka yi shimfiɗa a bakinsa domin namun daji na zuwa sha da dare, kuma ka tafasa wanda za ka sha.

Lokaci da guzuri

Nuwamba zuwa Fabrairu. Ɗarin bisa dutse ya fi hunturun da ka sani a Mayahi, sai da bargo mai kauri da rawani. Da damina kada ka kwana cikin ƙorama: ana iya yin ruwa a nesa, ambaliya ta same ka sama garau. Gumba, dabino, cuku da shayi sun isa riƙe ciki.

Doka da tsaro

Gabashin Azbin da wani yanki na Tenere gandu ne mai kariya, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991. Ba a farauta a ciki, kuma zanen mutanen da a jikin duwatsu ba na kankarewa ba ne. An binne nakiyoyi a wasu hanyoyi lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, ƴan fashi kuma ba su ƙare ba. Kafin ka bar Agadas, ka je wajen jandarma da takardunka da sunan jagoranka, ka ji hanyar da aka yarda a bi.