Ba a fafe gora ranar tafiya: Yadda Jamusawa suka tayar da babbar na'urar leza

A bakin yawancinmu, idan aka ce an ƙaddamar da wani aiki, abin da ke zuwa a rai shi ne rumfa da kujeru da almakashi da dogayen jawabai. A wajen masana kimiyyar da ke gina manyan na'urorin bincike kuwa, ƙaddamarwa aiki ne na watanni, wani lokaci ma na shekaru, wanda ake zama a tsara shi tun kafin a kammala gini. Domin mai karatu ya ga abin da nake nufi, bari mu leƙa ƙasar Jamus, inda aka gina na'urar European XFEL.

Wannan na'ura tana cikin ramin da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, mai tsawon kilomita 3.4, daga cibiyar bincike ta DESY a birnin Hamburg zuwa garin Schenefeld. An fara ginin a shekarar 2009, an kashe sama da Yuro biliyan ɗaya, Jamus ce ta ɗauki fiye da rabin kuɗin. Tunanin irin wannan leza ya samo asali ne daga wani masani Ba'amurke, John Madey, na Jami'ar Stanford, a shekarar 1971.

Yadda take aiki shi ne, ana fizgo ƙwayoyin elektiron, a ingiza su har gudunsu ya kusa kai na haske, sannan a tura su tsakanin dogon jerin maganaɗisu da ke sa su tafiyar maciji. Wannan karkace-karkace ne ke sa su fitar da hasken eksire, shi kuma hasken ya jera su sahu-sahu, har su riƙa haskawa a lokaci guda. Abin da ake samu shi ne walƙiya mai tsananin ƙarfi, gajeriya ƙwarai, har sau 27,000 a daƙiƙa ɗaya. Da ita ake ɗaukar hoton ƙirar sinadaran da ke cikin jikin ɗan Adam da na ƙwayoyin cuta, a kuma bi sawun yadda sinadarai ke sauyawa yayin da suke haɗuwa.

To, na'ura irin wannan ba a danna mata maɓalli ɗaya ta tashi. Abu na farko da masu tsarin suka yi shi ne raba aikin kashi-kashi. Sashen da ke samar da elektiron, wanda shi ne mafarin komai, an fara gwada shi shi kaɗai a watan Disamban 2015, aka ci gaba da gwajin har tsakiyar 2016, alhali ma'aikata suna can cikin rami suna harhaɗa sauran sassan. Hikimar a bayyane take: duk aibin da ke mafari, zai bi ƙwayoyin har ƙarshen hanya, don haka gara a gano shi tun ba a jona shi da komai ba.

Abu na biyu shi ne sanyaya na'urar. Sashen da ke ingiza ƙwayoyin yana da manyan tankuna 96, waɗanda ke ɗauke da bututai 768 na ƙarfen niyobiyam. Sai an sanyaya su da ruwan hiliyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri kafin wutar lantarki ta riƙa bi ta cikinsu kusan ba tare da asara ba. An harhaɗa tankunan a Saclay ta Faransa, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya a Hamburg kafin a shigar da su rami. An fara sanyayawar a Disamban 2016, kuma sannu a hankali aka yi ta, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya yi sanyi, wanda ya yi gaggawa kuwa yana iya tsaga abin da aka shafe shekaru ana ƙerawa.

Abu na uku shi ne tura ƙwayoyin zango-zango. A ƙarshen kowane zango akwai wurin da aka tanada domin ya shanye su, sai an gamsu da zangon farko kafin a buɗe na gaba. Haka kuma da 'yan ƙwayoyi kaɗan ake farawa, saboda idan aka saki ƙarfin gaba ɗaya ya kauce hanya, yana iya lalata kayan aiki. A watan Mayun 2017 aka ga hasken leza na farko, walƙiya ɗaya tak a daƙiƙa.

Sai a ranar 1 ga Satumban 2017 aka yi bikin buɗewa, a watan ne kuma masu bincike na farko suka fara aiki a tashoshin gwaji biyu kacal. Cikakken ƙarfin da aka tsara wa na'urar sai a 2018 aka kai gare shi, tashoshi shida na farko kuma ba su kammala shiga aiki ba sai a 2019. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin abin kunya, domin tun farko haka aka rubuta shi a cikin tsari.

A ganina, a nan ne wahalar aikin take. Gwamnatocin da suka zuba kuɗi suna son ganin sakamako, masu bincike sun ƙosa a ba su lokaci, injiniyoyi kuma suna neman ƙarin makonni domin su san halin na'urar. Aikin mai tsari shi ne ya rubuta, tun kafin matsin lamba ya zo, sharaɗin da za a cika a kowane mataki, da wanda ke da ikon cewa a dakata idan ba a cika shi ba.

Mu da ke zama a kwamitocin sayo kayan ɗakunan gwaji da na asibitoci, ya kamata mu faɗaɗa ma'anar wannan kalma a takardunmu. Duk kasafin da ya tanadi kuɗin sayen na'ura da na bikin buɗe ta, amma bai ware lokaci da kuɗin gwada ta da horar da masu kula da ita ba, bai kammala ba, kuma bai kamata mu sa masa hannu ba.