A Zuba Masa, Zan Biya

Da wuya a rasa irin wannan gida a unguwa. Uwargida tana tuwon sayarwa da ɗan jarin da ta kwaso daga adashi. Da safe ta auno masara da kuka da daddawa, da magariba yara su yi layi da kwanuka, cinikin dare shi ne cefanen gobe. Maigidan kuwa mutum ne mai son a san shi da hannun kyauta. Baƙo ya sauka a zaure, sai ya leƙo ya ce, “A zuba masa malmala biyu, zan biya.” Abokan hira su zo, a zuba musu. A waje ana ta sa masa albarka, a ciki uwargida tana lissafi da yatsu. In ta tuna masa, ya ce ta bari wata ya yi. Kafin a ankara tukunya ta koma rabi, daga nan a kife ta. Ranar da mai yunwar gaske ya yi sallama, sai dai a nuna masa hanyar mai shayi.

Kusan haka jihohinmu da yawa suke yi da asibitocin da talaka yake zuwa.

Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano na gwamnatin tarayya ne. Amma inda mai ƙaramin ƙarfi ya fi kai matarsa da ɗansa shi ne babban asibitin jiha, ko ƙaramin asibitin mazaɓarsu, kuma waɗannan a wuyan jiha da ƙananan hukumomi suke rataye. Jihar kanta, musamman a Arewa, yawancin kuɗinta kason da ake rabowa daga Abuja duk wata ne, sai ɗan harajin cikin gida. Abin da ya faɗo wa ɓangaren lafiya, albashi ne yake fara cin rabonsa, sai gine-gine. Ɗan abin da ya rage shi ake so ya sayi man janareta, ya kawo ruwa, ya samar da auduga da safar hannu, kuma ba ya isa. Shi ya sa asibiti yake jingina da abin da majinyaci ya biya: kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin gado.

Tukunyar uwargida a nan ita ce asusun magani mai juyawa. Tsarin ya samo asali ne daga taron da ministocin lafiya na Afirka suka yi a Bamako a 1987. Ana ba asibiti jarin magani sau ɗaya, ya sayar da ɗan ƙari kaɗan a kan farashin sari, ya koma ya saro wani da cinikin. Muddin ba a taɓa uwar kuɗin ba, kantin maganin asibiti ba zai bushe ba, kuma zai fi na kemis sauƙi.

Sai gwamna ya hau mumbari ya ce daga yau haihuwa kyauta ce, yara ’yan ƙasa da shekara 5 kyauta, wanda ya yi haɗari a kan hanya kyauta. Ba na raina wannan niyya. Kano ta fara kula da masu juna biyu kyauta tun 2001, kuma duk wanda ya taɓa ganin mace tana naƙuda a gida don mijinta ba shi da kuɗin tiyata ya san darajar abin. Sai dai kamfanin da ya yi ledar ƙarin ruwa bai san kyauta ba. Dole wani ya biya. Idan baitulmali bai mayar wa asibiti kuɗin abin da ya bayar ba, daga jarin nan ake ɗiba. Ko da an biya, in sai bayan wata shida ne, an riga an yi asara, domin tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin da ya sayi kwali goma jiya ba ya sayen su yau. Ƙarshenta ma’aikaciyar jinya ta yago takarda ta rubuta wa mai jinya jerin abin da zai sayo a waje, shi kuma ya fita yana zaginta, alhali ba ita ta yi alkawarin ba. Ba banza ba fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye.

A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Jihohi kamar Kano da Kaduna sun taɓa kai wannan adadi a takarda, kuma sun cancanci yabo. Amma kasafi “zan biya” ne kawai. Abin dubawa shi ne nawa aka saki. Na lura kuma kuɗin sabon gini ya fi saurin fita a kan na magani, wataƙila don gini ana yanka masa kyalle a gaban kyamara, farasitamol kuwa ba wanda yake ƙaddamar da shi.

An yi dabarun tilasta wa maigida ya ajiye kuɗi kafin a ɗora tukunya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa shi. Rabinsa na biya wa marasa ƙarfi inshora ne, kashi 45 na magani da kayan aiki da ma’aikatan ƙananan asibitoci, kashi 5 na agajin gaggawa, kuma dokar ta ce jiha ta kawo nata kashi 25. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya a 2016, ta ƙara da asusun amana na lafiya a 2017, wanda doka ta ba kashi 5 na harajin jihar da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Kyawun inshorar shi ne ana biyan asibiti kuɗin kowane mutumin da aka yi wa rajista tun kafin ya yi ciwo. Raunin shi ne waɗanda suka fi shiga ma’aikatan gwamnati ne da ake cira daga albashinsu, manomi da mai tura baro kuwa kaɗan ne aka ɗauka in an gwada da yawansu. Dokar ma, in ba a zuba kuɗin ba, wani alkawarin ne aka ƙara.

A ganina gara jiha ta ɗauki abu uku ta ce kyauta ne ta riƙa biya kan kari, da ta lissafa goma ta bar asibiti da bashi. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton yadda suka kashe kasafinsu duk bayan wata uku. Duk lokacin da ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi nawa aka rubuta wa maganin masu haihuwa a bana, nawa kuma ya shiga asusun asibitin garinku.