Kwanson Harsashi da Gajiyar Tagulla

A wannan zamani da fitina ta addabi ƙasar Zamfara, ba abin mamaki ba ne manomi a Janbako ta ƙasar Maradun, ko a gonakin da madatsar Bakolori ke shayarwa wajen Talata Mafara da Bakura, ya kai fartanya ƙasa ya tono kwanson harsashi, ya goge shi da bakin rigarsa, alhali bai san irin hikimar da ke cikinsa ba, balle haɗarinsa.

Bindigar toka ta maharbanmu, wadda maƙeran baƙi ke ƙerawa, ta baki ake ɗura mata albarushi, ba ruwanta da kwanso. Amma bindigar zamani ta baya ake saka mata harsashi, saboda haka tilas a sami abin da zai toshe ƙofar nan, don kada wuta ta dawo wa mai harbi a fuska. Wannan shi ne aikin kwanso, wanda galibi ake yi da tagulla, kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, 30 tutiya. Da zarar an ja kunama albarushi ya kama, sai nauyin da ya kai kimanin tan 4 ya danne wurin da bai fi faɗin farcen yatsa ba, tagullar ta kumbura ta manne da bangon ɗakin harsashi, sa'an nan ta ɗan tsuke, har a iya zare ta.

A kan wannan ɗabi'a ta tagulla ne wasu ma'abota sana'ar bindiga a Amurka suka gina fanni guda. Idan suka ƙirƙiro harsashin da babu kamfanin da ke yin irinsa, sukan harba kwanso na yau da kullum a cikin ɗakin da aka faɗaɗa, wutar harbin da kanta ta sake masa siffa, kamar yadda ruwa ke ɗaukar siffar tulu. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne P. O. Ackley, wanda ya rasu a 1989; akwai ma harsashin da irin waɗannan mutane suka ƙirƙiro, mai lamba .22-250, har kamfanin Remington ya karɓe shi a 1965. Sai dai mutanen nan ba su taɓa aikin sai da ma'auni mai daidaito da littattafan lissafi.

Dalilin wannan taka-tsantsan kuwa kowane maƙerin fari ya san shi, domin tagulla in ta sha guduma takan taurare, daga nan ta tsage. Haka kwanso yake: kowane harbi yana rage masa lafiya, tsagar kuma sau da yawa daga ciki take farawa inda ido ba ya gani, ranar da ya fashe kuwa, yatsu da idanun mai shi ne abin da ya fi kusa.

Don haka wanda ya tsinci kwanso kada ya yi sha'awar sake cika shi, ko da dokar bindigogi ta 1959 ba ta haramta haka ba, balle ta haramta. Wanda kuma ya tsinci harsashi mai rai, kada ya bar yara su kwankwasa shi da dutse ko su jefa shi a murhu; ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro, domin kiyaye rai wajibi ne a shari'a, rigakafi kuma ya fi magani.